An Kashe Makunni, Wuta Tana Nan

"Kashe makunni kafin ka taɓa ƙwai." Duk wanda ya tashi a gidan da ke da lantarki ya ji wannan gargaɗi daga bakin uba ko yaya ko malamin firamare, kuma yawancinmu ba a ƙara mana komai a kansa ba har muka girma muka yi namu gidajen. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai yana tsaye a kan wani sharaɗi da ba a faɗa mana ba, wato cewa wanda ya yi wayarin ɗin gidan ya ɗora makunnin a kan wayar da ta dace. In a kan ɗayar ya ɗora shi, za ka danna, ƙwan ya mutu, ɗaki ya yi duhu, alhali wutar tana nan cikin holda ba ta je ko'ina ba.

A shekarun da lantarki ke shiga garuruwanmu, sharaɗin nan ya fi samun cika, domin al'amarin ba shi da rassa da yawa. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, falwayoyi suka yi ta bin tituna suna shiga lunguna. Gidan da ya samu wuta a lokacin ƙwai uku ko huɗu gare shi: ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a turakar maigida, in da hali a sa wa uwargida. Sauran ɗakuna kuwa fitilar ƙwai da aci-bal-bal suka ci gaba da yi musu hidima. Waya biyu ke saukowa daga falwaya zuwa wani allon katako a zaure, inda mita take da fis na tangaran. In ka zare fis ɗin ka jefa a aljihu, gida ya mutu gaba ɗaya, ba mai dawo da wuta sai kai. Ba na cewa zamanin ba shi da nasa haɗarin. Akwai holdar tagulla da ba a haɗa ta da ƙasa ba, akwai waya mai rigar zare da ɓera ke ci, akwai masu sa ƙusa a gurbin fis in ya ƙone. Amma hanyar da wuta ke bi ta shigo gida guda ɗaya ce, kowa ya san ta, har yara.

Wayoyin nan biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗaya ita ke ɗauke da ƙarfin, kimanin bolt 230 tsakaninta da ƙasa, masu sana'a suna ce mata laif. Ɗayar, nutural, hanyar komawa ce, kuma an haɗa ta da ƙasa tun daga taransifoma, shi ya sa in komai lafiya ba ta jan mutum. Ƙwai ba ya kamawa sai wuta ta shiga ta wannan ta fita ta waccan, don haka duk wadda ka yanke a cikinsu zai mutu. Daga nan matsalar take. Mai noman rani zai gane ta nan take: in ka toshe ruwa daga bakin da yake shigowa, hanyar ruwan ta bushe, in daga ƙarshe ka toshe, ruwa ya daina gudu, amma hanyar cike take fal, duk inda ta samu huda nan zai bi. Makunnin da aka ɗora a kan nutural toshewar ƙarshe ce. Mutumin da ke tsaye a kan siminti ba takalmi, yatsansa a cikin holda, shi ne ya buɗe wa wutar hanyar da ta rasa.

Abin da ya fi damuna da wannan kuskure shi ne ba ya tona kansa. Famfon da ke yoyo ana gani, ƙofar da ta karkace ana ji duk lokacin da aka tura ta. Makunnin da ke kan nutural kuwa yana aiki tsaf, ka kunna haske ya zo, ka kashe ya tafi. Mai wayarin ya gwada a gaban maigida, an ga haske, an sallame shi, an yi masa addu'a. Gida na iya shekara ashirin a haka, a yi aure a ciki, a yi suna, ba wanda ya sani.

Ƙwan da muka tashi da shi ya taimaka wajen rufa wannan asiri. Daga Ingila muka gaje shi, shi ne mai fin biyu, wanda a jikin kwalinsa ake rubuta B22. Ka tura shi sama, ka ɗan juya, fin ɗin su faɗa gurbinsu. Wuraren da wuta ke taɓa shi ɗigo biyu ne na dalma a can ƙarshen gindinsa, kuma wuyan ƙarfen da ke ɗauke da fin ɗin ba ya haɗe da kowace waya. Ga shi kuma da zafi. Ƙwai mai wat 60 ko wat 100 in ya jima a kunne ba ya taɓuwa, dole ka jira ya huce ko ka kama shi da tsumma ko da hularka. Don gudun ƙuna muke yin haka, amma busasshen tsumman nan yana tsare mu daga abin da ya fi ƙuna. Haɗarin mai fin ya fi yawa ne in holda ta zauna babu ƙwai, 'yan ƙarafan nan biyu masu sifirin suna leƙowa, yaro ya hau kujera ya zura yatsa.

Sai ƙwai ya canza. Daga farkon shekarun 2000 masu tsimin wuta, masu lanƙwasasshen farin bututu, suka cika kasuwa, bayansu LED ya zo ya ture kowa. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na jayayya da shi. LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, kuma wanda ke sayen kati yana loda wa mita ya san bambancin a aljihunsa. Amma tare da su wani irin gindi ya yawaita, mai murɗawa, E27, wanda asalinsa daga Edison ne, kuma da shi ake amfani a Amurka da mafi yawan Turai, ko da yake na Amurka ya ɗan fi ƙanƙanta. Fitilun ado na falo, na jikin bango, na ƙofar gida, yawancinsu da irin wannan holda suke zuwa. Shi kuma mai murɗawa, zaren ƙarfen da ke gindinsa shi kansa hanyar wuta ne. Ƙa'idarsa ita ce a kai laif ga ɗan harshen da ke can ƙuryar holda inda yatsa ba ya kaiwa, a kai nutural ga zaren. In aka juya su, zaren ne ke ɗauke da bolt 230. Kana warware ƙwan, ƙarfen gindinsa yana fitowa fili a hankali, yana nan manne da holdar bai rabu da ita ba, daidai inda yatsunka suke. Holda mai kyau tana da baki mai tsawo da ke rufe wannan wuri, wasu ma an yi su yadda zaren ba ya samun wuta sai ƙwan ya shige ƙarshe. Ta araha ba ta da ko ɗaya. Ke nan wurin kuskure ya zama biyu, ɗaya a makunni, ɗaya a holda. Ga shi LED ba ya zafi irin na da, ba mai neman tsumma.

Akwai kuma ɗan abin nan da ake sayarwa a kowane shagon kayan wuta, wanda ke mayar da holda mai fin ta karɓi ƙwai mai murɗawa. Mai fin ta kowane ɓangare ka sa shi zai shiga, domin a wurinsa ba bambanci. Don haka in ka maƙala wannan abu, ko laif ya faɗa a harshe ko ya faɗa a zare, sa'a ce kawai, ko da wayarin gidan ba shi da aibi ko ɗaya.

Na ga ƙarshen irin wannan kuskure a gidan wani maƙwabcinmu, cikin damina. Ƙwan makewayi ya mutu, matar gidan ta gama wanki da yamma, ba ta so yara su shiga cikin duhu. Ta kashe makunni, ta jawo turmi ta kife, ta hau. Hannu ɗaya ta dafa ƙyauren langa-langa da ruwan sama ya jiƙa, ɗaya ta kai ga ƙwan. Ihu ɗaya aka ji. Ta faɗo a kan hannunta, wuyan hannun ya karye. Mata suka taru, aka aiki yaro ya sayo madarar gwangwani aka ɗura mata, kamar yadda ake yi a unguwarmu, alhali madara ba ta da abin da za ta yi wa wanda wuta ta ja. Asibiti ya kamata a nufa, a duba bugun zuciya ko da mutum ya miƙe yana magana. Abin da ya fi karayar yi mata ciwo shi ne ba wanda ya yarda ta kashe makunnin. Tana rantsuwa, ana ce mata mantuwa ce.

Washegari aka kira wani dattijo mai gyaran wuta. Bai ce komai ba, ya fara zura testa, abin gwada wuta, a soket ɗin falo ya tabbatar tana kamawa. Ya je makewayi ya kashe makunni da hannunsa, ya hau tsanin katako, ya ɗora babban yatsa a kan hular testar, ya taɓa bakinta a zaren holda. Ɗan ƙwan da ke cikinta ya yi ja.

"Alhaji, zo ka gani da idonka," in ji shi. "Hajiya ba ta yi mantuwa ba. Ga makunni a kashe, ga wuta."

"To Malam, ai shekara da shekaru muna canza ƙwan nan lafiya."

"Wannan kiyayewar Allah ce, Alhaji. Bari mu duba sauran."

Ya bi ɗaki ɗaki, ko'ina haka. Bai tsaya kwance makunnai ba, ya wuce kai tsaye wurin mita, a can ya samo ta. Wayarin gidan daidai yake, ja a makunni, baƙa a inda ya kamata. Watannin baya iska ta tsinke wayoyin da ke saukowa daga falwaya, waɗanda suka zo ɗaurawa suka juya su, aka ga wuta ta dawo, kowa ya yi hamdala. Tun daga ranar duk makunnan gidan suka koma kan nutural, har da fis. Wato ko da matar nan ta je ta zare fis ɗin ta riƙe a hannu, gida zai yi duhu, wutar kuma tana nan a kowace holda. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin zare fis shi ne matakin da muka ɗauka ba ya ƙarya.

Wannan gida wuta ɗaya gare shi. Gidajen yau kuwa ba haka suke ba. Sunan mai kawo wuta ya canza, NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarrabawa ga kamfanoni irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, amma canjin da ya faru a cikin gida ya fi wannan girma. Yanzu gida ɗaya yana da wutar layi, da janareto, da inbata mai batir, da sola a kan kwano. Mai layi uku yana zare fis daga wannan ya mayar wancan duk lokacin da ɗaya ya yi rauni. Mai ƙaramin janareto wani lokaci ba ya sa abin canja layi ma, waya ce mai kai biyu, ɗaya a janareto ɗaya a soket, kuma in kan mai ƙafa biyu ne, yadda ka juya shi yau ba lallai haka za ka juya shi gobe ba. Ƙananan janareto da inbata da yawa ma ba su da nutural na gaske, ka sa testa ka ga wayoyin biyu duk suna kamawa. A irin wannan gida, holdar da ba ta da haɗari da rana a kan wutar layi tana iya zama da shi da dare a kan janareto.

Mun kuma koyi wata ɗabi'a da iyayenmu ba su da ita sosai, wato jiran a ɗauke wuta kafin a yi gyara. "Yi sauri ka canza tun ba su kawo ba." Ba wanda ke sanar da kai lokacin da za a kawo. Inbata ma ba ta jira, kafin ƙiftawar ido ta karɓa. Sannan ga ƙwai mai caji, wanda ke ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta. A da in ka ga haske ka san akwai wuta. Yanzu haske ba ya tabbatar da akwai, duhu ba ya tabbatar da babu. Yara sun gano cewa in ka damƙe gindin irin wannan ƙwai da hannu yana kamawa, suna wasa da shi a tsakar gida suna dariya. A hannu ba ya cutarwa, amma ba na jin daɗin ganin yaro yana sabawa da taɓa ƙarfen gindin ƙwai.

Launin waya, wanda shi ne jagorar mai gyara, shi ma ya rikice. Tsarin da muka gada ja ne laif, baƙi nutural, kore ta ƙasa, a layi uku kuma ja da rawaya da shuɗi. Ingila ta bar wannan tsari a wayarin gine-gine tsakanin 2004 da 2006, ta koma na Turai: ruwan ƙasa laif, shuɗi nutural, kore da rawaya ta ƙasa, a layi uku kuma ruwan ƙasa da baƙi da toka. Ka lura da abin da ya faru. Shuɗin da a da yake ɗauke da wuta yanzu shi ne nutural, baƙin da a da yake nutural yanzu yana cikin masu wuta. Mu kuma duka biyun suna kasuwarmu, bango ja da baƙi, fitilar da aka sayo ruwan ƙasa da shuɗi. Ƙwararre ba ya ruɗewa. Amma sau da yawa ba ƙwararren ke ɗaura fitilar ba, yaronsa ne da ya bari a wurin ya tafi wani aikin. Wani gidan ma launi ɗaya aka yi masa gaba ɗaya, domin naɗin da ya rage ke nan, maigida ya ce ba zai sayi wani ba.

A nan ba zan ɗora wa masu wayarin laifin duka ba. Mu ne muke tsayawa muna ciniki har sai mun zaftare kuɗin aiki ya koma abin da ba zai ishi mutum ya zauna ya bi makunni ɗaya bayan ɗaya ba. Muna kashe abin da muke kashewa a kan tayil da silin da fenti, domin su baƙo ke gani, in aka zo wayar ƙasa da sandar tagullar da ake binnewa sai mu ce a bari tukuna. Doka ba ta yi shiru ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA da aikin duba kayan lantarki da wayarin, da kuma ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Amma a cikin mutanen da na sani suka yi gini, kaɗan ne suka tambayi mai wayarinsu takarda, ko suka nemi a gwada gidan da wani abu da ya wuce ganin haske.

Mutane da yawa suna zaton fis ko bireka za su cece su. Waɗannan waya suke tsarewa kada ta yi zafi ta kama gobara. Fis ɗin layin fitilu na amfiya 5 ba ya ƙonewa sai abin da ke bi ta cikinsa ya haura miliamfiya 5,000. Jikin mutum kuwa tun daga wajen miliamfiya 10 tsokar hannu take fara ƙanƙamewa ta ƙi saki, in aka haura 30 abin ya jima, numfashi da zuciya sun shiga haɗari. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Ke nan ƙaramin kaso na abin da ke kunna ƙwai ɗaya ya isa ya kashe babban mutum, fis yana zaune bai san an yi ba. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, jiƙaƙƙiya ba ta tarewa sosai, mu kuma masu alwala ne sau biyar a rana, masu yawo a tsakar gida ba takalmi, masu zufa a watan Afrilu. Abin da aka yi domin mutum shi ne RCD, wanda ke auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, in ya ga gibin miliamfiya 30 ya yanke cikin ƙasa da rabin sakan. Kuɗinsa bai kai na fitilar ado guda ta falo ba. Wanda wuta ta ja kuma bai mutu ba, sau da yawa faɗuwar ce ke illata shi, daga kan kujera ko durom ko tsani.

LED ya zo da wani alheri da ba a lura da shi. Saboda abin da yake buƙata kaɗan ne, in makunni yana kan nutural yakan ci gaba da wani ɗan haske dishi-dishi bayan an kashe, ko ya riƙa ƙyaftawa jefi-jefi cikin dare. Ba kullum wannan ne dalili ba, makunni mai ɗan haske a jikinsa ma yana jawo haka, wayoyin da suka yi doguwar tafiya manne da juna ma haka. Amma na ji mutane suna cewa ƙwan ne jabu, su cire su sayo wani, shi ma ya yi. Wanda ya ga wannan alama, mai gyara ya kamata ya kira, ya ce masa ya gwada kowace holda da makunni a kashe, a kan wutar layi, sannan a tayar da janareto a sake, a kunna inbata a sake. Haka kuma duk ranar da aka taɓa wayoyin falwaya ko aka canza mita. Gyaran kansa na mintoci ne, a sauya waya biyu a ɗaure. Bin gidan ne ke cin safiya guda, kuma wannan safiyar aiki ce da ya kamata a biya ba tare da ƙorafi ba.

Kafin a yi wannan gwaji, abin dogaro shi ne babban makunnin gida mai yanke wayoyi biyun a tare, a kashe shi, a kashe janareto da inbata, a bushe hannu, a sa takalmin roba, a tsaya a kan katako, a kama ƙwai ta farin kansa. Mai gidan kansa zai iya duk wannan. Wanda nake tunani shi ne ɗan haya. A gidajen haya da yawa mita ɗaya ce ga ɗakuna goma, babban makunni yana cikin shagon mai gida ko wani ɗaki da aka kulle, mabuɗi yana hannun wanda ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ko yana buɗe ma, ba mai son ya jefa maƙwabta tara cikin duhu saboda ƙwai ɗaya. Matar da ƙwan ɗakinta ya mutu da magariba, ga yara ga tuwo a kan wuta, ba za ta jira ba, za ta danna makunnin bango ta hau kujera. Ina roƙon masu gidajen haya su sa wa kowane ɗaki ko sashe nasa makunni mai yanke waya biyu, a wurin da babba zai kai hannu ba sai ya taka komai ba, su kuma nuna wa ɗan haya shi ranar da suka miƙa masa mabuɗi.